Tambaya da Amsa: Ruwan Rijiya Tsakanin Rani da Damina

Tambaya: Unguwarmu sabuwa ce, gidaje sai ƙaruwa suke yi. Da rani ruwan rijiyarmu yana yin zartsi, sabulu ma ba ya kumfa. Da damina ya yi daɗi, amma yara su yi ta gudawa. Wanne ya fi haɗari? (Wata uwargida)

Amsa: Hajiya, na damina ne abin tsoro. Da rani ruwan ƙasa yana ja da baya, ga rijiyoyin burtsatse na maƙwabta suna zuƙa ba sauƙi, sai gishirin da ke cikinsa ya taru. Shi ne zartsin, yawanci ɗanɗano da wanki yake ɓatawa.

Da damina kuwa ruwan ƙasa yana tasowa har ya kusanci gindin masai da ramin ruwan wanka. Ruwan saman farko kuma ya kwaso dauɗar kwata da bola, ya zuba ta bakin rijiya ko ta tsagar bangonta. A garin da filaye suka matse, ta yiwu masan maƙwabcinki ya fi naki kusa da rijiyar. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce tazarar mita 30 tsakanin masai da rijiya, gindin masai kuma ya kasance aƙalla mita 1.5 sama da inda ruwan ƙasa ke kaiwa da damina, ba da rani ba. Nan masu haƙa masai suka fi yin kuskure, domin da rani ake yawan haƙa.

Kafin ruwa ya sauka, a yashe rijiyar, a ɗaga bakinta ya kai ƙugu, a liƙe mita 3 na saman bangonta da siminti. A yi daɓe mai gangara kewaye da ita, faɗin mita 1 zuwa 2, da hanyar fitar ruwa. A sa murfi. Guga ɗaya tak, a rataye, kada ya taɓa ƙasa.

Ruwan sha a tafasa shi ya yi minti 1 yana ɓararraka, ko a sa kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, bisa umarnin da ke jikin mazubinsa, a jira minti 30. In ruwan ya yi duhu, a bari ya kwanta a tace tukuna, domin laka na cinye ƙarfin kulorin.

Tambaya: Burtsatse nake da ita, ruwan fari tas. Sai na yi gwaji? (Wani magidanci)

Amsa: Ƙwarai, Malam. Ƙwayar cuta da sinadarin naitiret, wanda ke shiga ruwa daga masai da taki, ba su da launi balle wari. In ba a cike kewayen bututun da siminti daga sama ba, ƙazamin ruwa na bin jikinsa ya gangara, zurfin ya zama na banza.

A gwada sau biyu a shekara: ƙarshen rani da tsakiyar damina. A bar famfo ya zuba na 'yan mintuna, a ɗiba a tsaftatacciyar kwalbar da ɗakin gwaji ya bayar, a sa cikin ƙanƙara, a kai cikin awa 6. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a sami ƙwayar E. coli, wadda ke nuna bayan gida ya shiga ruwa, ko ɗaya a mililita 100, naitiret kuma kada ya wuce miligiram 50 a lita. In ya wuce, tafasawa ba ta fitar da shi, ƙara tattara shi ma take yi. Kada a haɗa wa jariri ɗan ƙasa da wata 6 madara da wannan ruwa, domin yana rage wa jininsa ƙarfin ɗaukar iskar shaƙa.