Tsofaffin hotunan 'yan wasan kwaikwayo: ana cikin wasa aka ɗauke su?

Tambaya: Malam, ni malama ce a wata sakandare a Gombe, ina shirya wa ɗalibai wasan kwaikwayo. Na ci karo da tsofaffin hotunan 'yan wasan Turai sanye da alkyabba da takubba. Ana cikin wasa aka ɗauke su? Zan iya kai wa tela ya ɗinka mana irinsu?

Amsa: Malama, in dai na ƙarni na 19 ne, kusan dukkansu a situdiyo aka ɗauke su. Yawancin gidajen wasa na lokacin da fitilar gas ake haskaka su, hasken ba ya isar kyamara, ga shi sai mutum ya yi daƙiƙu bai motsa ba kafin hoto ya kama. Don haka ɗan wasa ne ke kwasar kayansa da rana ya tafi wurin mai hoto, ɗaki mai rufin gilashi. A rataya masa labule mai zanen fada ko daji, irin wanda masu hotonmu ke kafawa ranar sallah, a kuma tokare masa ƙeya da ƙarfe don kada kai ya girgiza. Ki duba bayan ƙafafunsa da kyau, wani lokaci za ki hango gindin ƙarfen.

Harkar kasuwa ce. A 1854 wani mai hoto Bafaranshe, Disdéri, ya yi rajistar haƙƙin ƙirƙirar ƙaramin hoton kati a Faris, ba a jima ba mutane suka shiga sayen hotunan fitattun 'yan wasa suna tarawa. A New York, wani mai hoto, Napoleon Sarony, har biyan irin su Sarah Bernhardt, fitacciyar 'yar wasan Faransa, yake yi don su tsaya masa, ya buga ya sayar. A 1884 kotun ƙolin Amurka ta ba shi gaskiya kan wani hoton marubuci Oscar Wilde da wani kamfani ya kwafa, bisa hujjar cewa shi ya tsara tsayuwa da tufafi da haske. Kin ga ke nan tsayuwar da ke cikin irin waɗannan hotuna, rabinta dabarar mai hoto ce.

Batun tela kuwa, yanka da faɗin hannu da wurin da aka yi aiki duk yana iya ɗauka. Launi ne ba na so ki yarda da shi. Farantin gilashin da masu hoto suke shafa wa sinadari su ɗauki hoto a kai yana fitar da shuɗi fari-fari, ja da rawaya kuma su yi duhu, har jar riga ta fito kamar baƙa. Sannan waɗannan kaya hasashen masu ɗinkin gidan wasa ne game da sarakunan da, sukan cusa yayin zamaninsu a ciki. In sarkin wasanku na ƙasar nan ne, tsofaffin hotunan fadar Gombe ko ta Bauchi za su fi yi wa telan amfani.