Tambayoyinku kan Fasaha: Wa ke kula da coreboot a kan tsohon madabod?

Tambaya, daga wani mai gyaran kwamfuta a kusa da Babbar Kasuwar Sakkwato: Malam, barka da aiki. Na sayi tsofaffin kwamfutocin tebur, HP Compaq 8200 Elite, daga wata cibiyar jarrabawa da ta sabunta kayanta. Wani yaron shagona ya ce akwai BIOS na kyauta mai suna coreboot, kuma ya ga sunan wanga madabod, wato babban allon cikin kwamfutar, a jerin waɗanda ake tallafa wa. Ke nan in yi masu filashin kawai, wato in rubuta shi a gurbin BIOS ɗinsu?

Barka kadai, Malam. Dakata tukuna, kada ka taɓa ko ɗaya.

Yaronka bai yi ƙarya ba. coreboot manhaja ce da ke maye gurbin BIOS, wato abin da ke fara tashi idan ka danna makunni: ya farkar da furosesa, ya daidaita RAM, sannan ya miƙa ragama ga wata ƙaramar manhaja irin SeaBIOS, GRUB ko edk2, ita kuma ta ɗauko Linux ko Windows. An faro aikin a 1999 a cibiyar bincike ta Los Alamos da ke Amurka da sunan LinuxBIOS, Ron Minnich na cikin waɗanda suka kafa shi, aka sauya masa suna a 2008. Mafi yawan kwamfutocin Chromebook da shi suke tashi, don haka ba wasan yara ba ne.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne ganin suna a jeri. Ba HP ce ta rubuta tallafin nan ba, kuma ba wanda ya yi maka alkawarin komai. Galibi mutum ɗaya ne ya mallaki irin madabod ɗin, ya zauna ya gano yadda aka haɗa ƙafafun kowace IC, wato ƙananan guntayen lantarki da ke kan allon, ya rubuta, wasu suka duba aka karɓa. Daga nan uwar manhajar tana ci gaba da sauyawa kullum. Akwai na'urar da ke harhaɗa manhajar kowane madabod duk lokacin da aka kawo gyara, amma iyakar abin da take tabbatarwa shi ne an harhaɗa ba kuskure. Ko kwamfutar za ta kawo hoto, wannan sai wanda ke da ita a gabansa ya gwada. Kamar rijiyar unguwa ce: kowa na ɗiba, amma in aka rasa mai yasa, ƙasa ce za ta cike ta.

An ga haka a fili da ASUS KGPE-D16, madabod mai furosesar AMD wanda masu son manhaja 'yantacciya suka ƙaunata ƙwarai. Bayan fitowar coreboot 4.11 a 2019 aka cire shi daga babban reshen manhajar da ake ci gaba da sabuntawa, shi da 'yan'uwansa, don ba a samu wanda ya sabunta rubutunsu ya dace da sababbin sharuɗɗan aikin ba. Madabod ɗin lafiyarsa ƙalau.

To ga abin yi. Ka fara tabbatar da siffar taka, domin 8200 Elite ta fito a jiki daban-daban, ƙarama, siririya da doguwa, kuma madabod ɗinsu ba lallai ya zama ɗaya ba. Ka zaɓi guda ɗaya tak ta gwaji. Cire ta daga wuta, ka nemo ƙaramar IC ɗin da BIOS ke ciki, ka jona mata na'urar filashin, ka karanta ta da manhajar flashrom sau biyu ko uku, ka yi amfani da manhajar sha256sum ka kwatanta kwafin da ka samu da juna. In ba su zo daidai ba, haɗinka bai zauna ba, ka sake. Wannan kwafi ka adana shi wuri biyu, don a cikinsa akwai lambar MAC ta katin intanet da ɓangaren Intel ME, wata manhajar Intel da ke zaune tare da BIOS, kuma shi ne hanyarka ta komawa gida in abu ya ƙi. Ka kuma auna na'urar filashin ɗinka da mita: baƙar CH341A mai arha da ta cika shagunan gyara, da yawanta na fitar da volt 5 a layukan bayanai, alhali IC ɗin na 3.3 ce. Ba kullum take ƙonawa ba, shi ya sa mutane ke raina zancen har ranar da ta ƙona.

Tambaya, daga wata mai shagon buga takardu a Mabera: Tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10, coreboot zai sa tsohuwar kwamfutata ta karɓi Windows 11?

A'a, Hajiya. Gaskiya ne tallafin Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025, amma Windows 11 na neman TPM 2.0, wato guntun tsaro na kwamfuta, da furosesar Intel ta ƙarni na 8 zuwa sama, kuma sauya BIOS ba ya sauya furosesa. In aikinki buga takardu ne da hoto, ki bar BIOS ɗinki yadda yake, ki sa a gwada maki Linux Mint da firintarki kafin ki yanke shawara.

Tambaya, daga wani ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Usmanu Danfodiyo: Ina da madabod na ASUS mai cifset ɗin Intel H61 a gida. Ina so in zama mai kula da tallafinsa a coreboot. Daga ina zan fara, kuma sai na ƙware a C, yaren rubuta manhaja?

Madalla, ɗan'uwa, kuma ka yi sa'ar zaɓi. Furosesoshin Intel na Sandy Bridge da Ivy Bridge, na 2011 da 2012, waɗanda H61 ke ɗauka, suna cikin waɗanda aka fi fahimta, har daidaita RAM ɗinsu an rubuta shi a buɗe. Sababbin Intel kuwa sai da FSP, dunƙulen manhaja daga kamfani wanda ba ka iya karanta cikinsa. Wasu kwamfutocin kamfani na bayan 2013 ma suna da Boot Guard, makullin da ke hana duk BIOS ɗin da ba na mai ƙera su ba tashi. Naka bai shiga wannan matsala ba.

Ka duba ko ainihin samfurinka na ciki, don H61 na ASUS suna da yawa, harafi ɗaya a ƙarshen suna na iya nufin wata IC daban. In babu shi, akwai autoport, wanda ke karanta kwamfutar tana aiki da BIOS na kamfani ya fitar maka da ƙashin bayan rubutun. Da manhajojin bincike inteltool da superiotool za ka ga sauran. C kaɗan ta isa a farko; haƙuri da karatun rahoto sun fi yawa a aikin. Ka nemi wayar siriyal, wadda ke kai rahoton madabod zuwa wata kwamfuta, don in allo ya yi baƙi, ta nan madabod zai faɗa maka inda ya tsaya. In ya tashi, umarnin cbmem -c zai nuna maka rahoton tashin.

Kulawar kanta ba ta da armashi, gara in faɗa maka. Yanzu ana fitar da sabon coreboot kusan duk wata uku, da lambar shekara da wata, kamar 24.02. Kowane karo sai ka harhaɗa, ka yi filashin, ka gwada kowane ramin RAM, kowace kafar USB, sauti, da ko kwamfutar na farkawa daga barci. In wani abu ya lalace, umarnin git bisect, mai bin tarihin gyare-gyare, zai kai ka ga gyaran da ya jawo. Gyaranka kuma ta Gerrit, shafin da ake duba gyare-gyare, za ka tura, inda za a dawo maka da shi sau da yawa a kan abin da kake ganin ƙarami ne. Kada ka ji haushi. Akwai fayil mai suna MAINTAINERS, in ka sa sunanka za a riƙa sanar da kai duk gyaran da ya taɓa madabod ɗinka.

Ka sa ido musamman a kan fanka. IC ɗin Super I/O, irin na Nuvoton ko ITE, ita ke juya ta gwargwadon zafi, kuma wanda ya gwada a ɗaki mai sanyi a Turai ba zai lura ba in saitin ya yi sako-sako. Kai da ke Sakkwato, inda Afrilu ke haura digiri 40 ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe iska, za ka gani cikin awa guda. Ka ɗora wa furosesa aiki mai nauyi, ka bi zafinta da manhajar lm-sensors, ka haɗa lambobin a rahotonka. Kuma duk filashin da za ka yi daga cikin kwamfutar, ka jona ta a UPS ko inbata tukuna.