Mahaifiyata ta fara mantuwa, ni kuma na gaji: ina ake koyon irin wannan jinya?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita. Ni matar aure ce a Zariya. Mahaifiyata tana hannuna, shekarunta sun haura 70, kuma kusan shekara uku ke nan da ta fara mantuwa. Da farko carbi ne da 'yan kuɗi take ajiyewa ta manta. Yanzu sai ta ci abinci ta ce ba a ba ta ba, ta ce 'yata ce ke sace mata zannuwa. Da magariba ta gabato sai ta ƙulle kayanta ta ce za ta gida, ko ta yi ta tambayar ina Malam, alhali mahaifinmu ya daɗe da rasuwa. Yayyena maza sun ce tsufa ne kawai, gwaggonmu ta ce sammu ne. Ni kaɗai ke jinya, ba na samun barci, wani lokaci har in daka mata tsawa, in koma ɗaki in yi ta kuka. Shin akwai inda ake koya wa mutum kula da irin wannan mara lafiya, ko inda ake taimaka masa?

AMSA

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Sannu da ƙoƙari. Allah ya ba Hajiya sauƙi, ya saka miki da mafificin alheri.

Ban ga Hajiya ba, don haka ba zan yanke hukunci daga nesa ba, amma abin da kika zayyana ya yi kama ƙwarai da ciwon mantuwa, wanda mutanenmu ke ce wa gigin tsufa. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ƙwayoyinta ne ke lalacewa sannu a hankali. Ba kowane tsoho ke yinsa ba. Ke ma kin san tsofaffin da suka kai 90 hankalinsu garau, suna kawo miki labarin zamanin En'e tiryan-tiryan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sama da mutum miliyan 55 ke fama da shi a duniya, fiye da kashi 60 cikin 100 kuma a ƙasashe irin namu suke. Mafi yawa nau'in Alzheimer ne. Sai wanda toshewar ƙananan jijiyoyin jini ke jawowa, wanda muke yawan gani ga masu hawan jini da ciwon suga da waɗanda suka taɓa shanyewar ɓarin jiki.

Matakin farko shi ne likita ya gan ta, ko da an ce ciwon ba ya warkewa. Akwai abubuwan da ke kwaikwayon wannan ciwo alhali suna da magani: ƙarancin sinadarin bitamin B12, raunin aikin ƙululun maƙogwaro (wanda in ya kumbura yake zama maƙoƙo), ciwon damuwa, taruwar jini a kai bayan faɗuwar da kowa ya manta da ita, da wasu magungunan da tsofaffi ke sha barkatai, musamman na barci da na mura. Ku da ke Zariya, asibitin koyarwa na Shika yana kusa, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Ga sauran masu karatu akwai asibitin Malam Aminu Kano da na Dawanau a Kano, da na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri. Na san sunan asibitin ƙwaƙwalwa yana yi wa mutanenmu nauyi a baki, ana gudun a ce an kai tsohuwa gidan mahaukata. Hajiya ba mahaukaciya ba ce, kuma a can ne waɗanda suka san ciwonta suke.

Idan an tabbatar, akwai magunguna irin su donepezil da memantine. Suna ɗan taimaka wa wasu na wani lokaci, ba sa tsayar da ciwon. Na faɗi haka ne don kada a sayar da gona a bi mai cewa zai warkar da ita. Addu'a kam a yi ta yi, ba ta hana asibiti. Amma duk wanda ya ce a yi mata turaren da zai shaƙe ta, ko a ɗaure ta, ko ya nuna wata a dangi ya ce ita ta yi sammu, a rufe masa ƙofa.

Yanzu ga ainihin tambayarki. E, ana koyar da wannan jinya, kuma a wurina ita ce babbar rabin magani. A Ingila an gwada wani shiri mai suna START, zama takwas ake yi da mai jinya, a koya mata fahimtar ciwon, da yadda za ta tunkari rikicin majinyaci, da yadda za ta kula da kanta. Sakamakon da aka buga a 2013 ya nuna waɗanda suka samu horon sun fi sauran samun sauƙin damuwa da fargaba. A Goa ta ƙasar Indiya ma an gwada tura mutanen gari da aka ba ɗan horo, ba likitoci ba, suna bin gidaje suna koyar da masu jinya, aka kuma ga amfaninsa. Wannan na Indiya ya fi burge ni, domin zamansu ya fi kama da namu: tsoho a gida yake cikin iyalinsa, kuma kusan kullum mace ɗaya ce ke ɗauke da shi.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafin horo na masu jinya mai suna iSupport, kyauta yake a intanet da Turanci. Kashi biyar ne: sanin ciwon, zama mai jinya, kula da kai, hidimar yau da kullum kamar wanka da ciyarwa, sai kuma yadda za a bi da sauyin hali. Idan Turancin zai yi miki nauyi, a samu ɗa ko ƙani mai karatu ya riƙa karanta darasi ɗaya duk mako yana fassara wa gida. Yin haka ma ya fi, domin kowa zai ji da kunnensa. Akwai kuma wani tsari na motsa ƙwaƙwalwa da ake yi wa majinyatan su kansu cikin ƙaramin rukuni, zama 14 cikin mako 7, ana hira da waƙa da tuna abubuwan da. Masu bincike a Ibadan sun gwada shi da tsofaffin yankinsu.

Gaskiyar da ba zan ɓoye miki ba ita ce, irin waɗannan shirye-shirye a tsare ba su yawaita a Arewa ba. Najeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, amma kafin alherin doka ya iso tsakar gidanki akwai tafiya. Saboda haka bari in ba ki abin da za a koya miki da kin shiga irin wannan aji, a kan abubuwan da kika ambata.

Ki daina gardama da ita. Wannan shi ne darasi mafi wuya, domin gaskiya a hannunki take. Ta ci abincin, zanen yana nan, Malam ya rasu. Amma ƙwaƙwalwarta ta daina ajiye sabon abu, kamar zuba ruwa ne a kwando, don haka hujja ba ta da wurin zama. Abin da ke zama shi ne yadda kika sa ta ji. Za ta manta me kika ce, amma ɓacin ran zai wuni tare da ita. In ta ce ba a ba ta abinci ba, kada ki ce “Haba Inna, yanzu fa kika ci.” Ki ce “To Inna, ga wannan ki fara taɓawa,” ki miƙa mata ɗan kunu ko ayaba. Ya fi sauƙi ma ki raba abincinta kaɗan-kaɗan sau da yawa.

Zancen sata kuwa tsoro ne. Mutum ya ajiye abu ya rasa, bai kuma san yana mantuwa ba, to me zai ce in ba an ɗauka ba? Ki ce “Zo mu duba tare.” Ki lura da wuraren ɓuyarta, yawanci ba sa wuce uku: ƙarƙashin katifa, cikin kwalla, ko ƙullin bakin zane. Ki bar mata 'yan canji a jaka, manyan kuɗi da takardun gida ki adana. Sannan ki zaunar da 'yarki ki yi mata bayani da kyau. Yarinyar da kakarta ke kira ɓarauniya kullum tana jin ciwo ko ba ta faɗa ba, tana bukatar ta ji daga bakinki cewa kin san ba ta ɗauka ba, ciwo ne ke magana.

Tambayar Malam ita ce ta fi taɓa zuciya. Duk lokacin da kika ce mata ya rasu, a wurinta yau ne aka yi rasuwar, sai ta yi sabon kuka, bayan awa ɗaya ta sake tambaya. Da yawa daga masu jinya suna ce mini ba za su iya yi wa mahaifiya ƙarya ba, kuma ina girmama hakan. Ba sai kin yi ƙarya ba. Ki ce “Kin tuna shi ne, Inna? Wai wace miya ya fi so?” Sau da yawa za ta shiga labari, fuskarta ta saki, tambayar ta wuce. Tsofaffin abubuwa su ne na ƙarshen gogewa, shi ya sa za ki ga wadda ta manta sunan jikanta tana kawo surorin da ta haddace a makarantar allo ba tuntuɓe. Ki yi amfani da wannan, ki riƙa kunna mata karatun da ta saba ji.

Rikicin magariba sananne ne a wannan ciwo. Haske na raguwa, gajiya ta taru, gida ya cika da hayaniya, sai ta ji ba a wurinta take ba, kuma gidan da take nufi sau da yawa gidan ƙuruciyarta ne. Ki kunna fitila tun rana ba ta faɗi ba. Tun la'asar ki ba ta aikin hannu da ta saba, tsintar wake ko ɓarar gyaɗa ko ninkin kaya, ko da za ki sake yi daga baya. A rage barcin rana, a hana goro da shayi mai kauri da yamma. In ta ɗauki ƙullinta, kada ki tare ƙofa ki yi kokawa da ita. Ki ce “Bari in raka ki,” ku taka zuwa zaure ko bakin layi, ki ce a dawo a yi salla tukuna. Sannan ki ɗinka lambar wayarki a jikin hijabinta, ki sanar da maƙwabta da mai shagon layinku da mai unguwa. Ɓoye ciwon shi ke sa tsohuwa ta ɓace. A wasu wuraren ma tsohuwar da aka tsinta tana sambatu har maita ake laƙaba mata.

Kada ki sayo mata maganin barci a kemis. Yana ƙara rikita tsoho, ya jawo faɗuwa, wasu magungunan kwantar da hankali kuma suna ƙara haɗarin shanyewar jiki ga masu wannan ciwo. In kuma kika ga ta rikice farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu fiye da yadda ta saba, ko barci ya yi mata yawa, ko ta daina ci, to wani ciwo ne ya hau kai, galibi zazzaɓi ko ciwon mafitsara ko na ƙirji ko rashin ruwa a jiki. A kai ta asibiti a ranar. Batun salla da azumi ki tambayi malami. Sanannen abu ne a addini cewa an ɗauke alƙalami ga wanda hankalinsa ya gushe, don haka kada ki takura ta in ta rikita raka'o'i.

Saura ke. Tsawar da kika yi ba rashin tarbiyya ba ce, alama ce ta jikin da ya daɗe bai yi barci ba. A gidanku marasa lafiya biyu ne ke neman zama, kuma in kika kwanta babu mai ɗaukar Hajiya. Jinyar nan shekaru take ɗauka, ba ta mutum ɗaya ba ce. Ki kira taron 'yan uwa, in da hali a gaban wani babba da yayyenki ke jin nauyinsa. Kada ki ce musu “ku taimaka,” kowa zai ce to ya tafi. Ki yanka wa kowa nasa: wane kuɗin magani duk wata, wane kai ta asibiti, wance ta zo ta kwana ranar Juma'a da Asabar, a haɗa kuɗi a ɗauki mai taya ki aiki da rana. Uwa ta kowa ce, aljannar da ake nema a ƙarƙashin ƙafarta ba ta 'ya mace kaɗai ba ce. Abu ɗaya dai, gara masu taimako su riƙa zuwa inda take da a riƙa yawo da ita gida-gida, domin sauyin wuri yana ƙara rikita ta.

A asibiti ki nemi ganin ma'aikatan walwalar marasa lafiya, ki tambaya ko akwai taron masu jinya. Ko babu, ranar ganin likita ki dubi matan da ke zaune kusa da ke a benci, su ma abin da ke damunki ke damunsu. Ku karɓi lambar juna, ku buɗe zaure a WhatsApp. Dabarar da wata ta gano ta yi wa surukarta wanka ba faɗa, ba za ki same ta a bakin likita ba. Ranar 21 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar wannan ciwo ta duniya, lokaci ne mai kyau na roƙon limami ko malamar Islamiyyarku su gayyato ma'aikacin lafiya ya yi wa unguwa bayani.

Ranar da za ku je asibiti ki tafi da duk magungunan da take sha a leda, har na gargajiya, da takarda da kika rubuta yaushe abin ya fara da yadda ya riƙa sauyawa. Ki matsa babban yayanku ya bi ku ya ji bayani daga bakin likita. In an gama duba Hajiya kada ki tashi, ki gaya wa likitan cewa ke ma ba kya barci kuma kina yawan kuka, a auna jininki, a duba ki.