Littafin da ake karanta wa yara da babbar murya: amsar maigida ga yaronsa

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa na hana ka matse littafin tatsuniyar da aka kawo mana mu buga, alhali kalmominsa ba su wuce 600 ba, kuma a lissafinka za su zauna lafiya cikin shafi 8 maimakon 32 da na ce a yi. Ka ƙara da cewa takarda ba a nan Yamai ake yin ta ba, doguwar hanya take biyowa daga bakin teku kafin ta iso mu, don haka barin rabin shafi babu rubutu ɓarnar dukiyar mai aiki ne. Lissafinka na takarda daidai yake, kuma na ji daɗi da ka fara duban aiki ta fuskar kuɗinsa. Sai dai ka auna wannan littafi da ma'aunin littafin da mutum zai zauna shi kaɗai ya karanta a zuci, shi kuwa an yi shi ne domin babba ya riƙe, ya karanta da murya, yara kuma su saurara suna kallo.

Ka fara da tunanin inda littafin zai je. Zai faɗa hannun malamar makarantar renon yara ko mushe, wato malamin ajin farko, wani lokaci a ajin siminti, wani lokaci a ajin zana irin waɗanda kake gani a unguwannin bayan gari, yara suna zaune a kan tabarma sahu bayan sahu. Mai karatun zai buɗe littafin ya juya fuskarsa ga yara, shi kuma ya riƙa leƙen rubutun ta gefe. Ke nan akwai mutum biyu da za mu yi wa aiki a lokaci guda: yaron da ke sahun ƙarshe, wanda dole ya gane hoton daga nisan taku biyar ko shida, da mai karatun, wanda dole ya kama jimla da kallo ɗaya ba tare da ya juyo da littafin gare shi ba. Duk abin da zan faɗa maka a kan girman baƙi da nauyin takarda da ɗinki daga waɗannan mutane biyu ya taso.

Kafin a kai ga inji, ana duban rubutun kansa, kuma da baki ake duba shi. Idan aka kawo maka labarin yara, ka tashi tsaye ka karanta shi da ƙarfi tun daga farko har ƙarshe. Duk inda numfashinka ya ƙare kafin jimla ta ƙare, ka sa alama, domin can ne malamar za ta yi tuntuɓe a gaban yara. Duk inda ka ji harshenka ya sarƙe, ko ka ji magana wadda ba ka taɓa jin Bahaushe ya faɗa ba, nan ma ka sa alama. Irin wannan ya fi yawa a labaran da aka juyo daga Faransanci kalma bayan kalma, inda jimla ɗaya take ɗauke da sharaɗi biyu da bayani uku. A ido ba ta da laifi, amma a kunnen yaro ɗan shekara biyar ta ɓace tun kafin ta kai tsakiya. Mu masu ɗab'i ba mu da ikon sauya maganar marubuci, amma muna da haƙƙin mayar masa da takardar da alamominmu kafin a yi faranti, wato fallen ƙarfen da ake ɗora wa inji ya buga shafi da shi, domin bayan an yi faranti gyara kuɗi ne.

Abin da ya fi dacewa da karatun murya shi ne abin da aka haifa a baki, wato tatsuniya. Ita ta riga ta zo da duk kayan aikin da ake bukata. Tana da buɗewa da yara suka sani, ka ce "Ga ta nan, ga ta nanku", su amsa "Ta zo mu ji ta", kuma da wannan amsar kaɗai surutu ya mutu. Tana da mutane kaɗan waɗanda halinsu sananne ne: Gizo da wayonsa da kwaɗayinsa, Ƙoƙi matarsa, kura da haɗamarta, dila malamin daji. Tana maimaita abu sau uku ko huɗu da ɗan sauyi, ta yadda a karo na uku yaro ya riga ya san abin da ke tafe, yana faɗa tare da mai karatu. Tana kuma da waƙa a tsakiya, wadda ake rerawa ana amshi. Na sha ganin masu tsara littafi suna yanke maimaicin domin rage shafi, su rubuta cewa haka ya yi ta faruwa har sau uku, su kuma cire waƙar su bar ma'anarta. Wanda ya yi haka ya zare wa labarin ƙashin bayansa, domin maimaicin nan shi ne wurin da yaro yake shiga cikin labarin da bakinsa. Haka nan kalmomin da ke kwaikwayon motsi da ƙara, irin su tinjim da fir da ƙererere, a bar su yadda suke, a ba su fili a shafi, domin su ne mai karatu yake wasa da murya a kansu. Kuma ba a rasa inda za a samo tatsuniya ba: cibiyar CELHTO da ke nan Yamai ta daɗe tana adana abin da aka naɗa daga bakin masu ba da labari, marigayi Bubu Hama ma ya tattara tatsuniyoyin ƙasar nan da yawa, ko da yake da Faransanci ya buga su. Wanda zai mayar da irin waɗannan Hausa ya fi kyau ya nemi tsohuwar da ta san labarin ya saurare ta, a kan ya zauna da ƙamus.

Wannan ba ya nufin sabon labari ba ya karantuwa. Labarin yarinyar da ta bi kakarta kasuwar Katako, ko na yaron da ya fara ganin dorina a kogi, zai yi daidai muddin an gina shi da wancan tsari: mutane kaɗan, abu ɗaya da ake nema, magana da ake maimaitawa, da ƙarshe wanda ba ya jan ƙafa. Wa'azin da ake liƙawa a shafin ƙarshe ni ban ga amfaninsa ba, domin yaran sun gane abin da ya sami Gizo tun kafin a fassara musu.

Yanzu ga maganar shafi 32. Babbar takardar da muke sa wa inji idan aka naɗe ta sau ɗaya tana ba da shafi 4, sau biyu 8, sau uku 16. Shi ya sa littafin hotuna a ko'ina cikin duniya ya fi zuwa da shafi 24 ko 32, domin 32 naɗi biyu ne na 16 ba tare da an yar da ko ƙyalle ba. Idan ka cire shafin suna da na bayanin ɗab'i, abin da ya rage maka buɗi 14 ne ko kusa da haka, kowane buɗi shafi biyu suna fuskantar juna. Ka raba kalma 600 a kansu, za ka ga kowane buɗi ya sami kalma 40 da ƴan kai, wato layi huɗu ko biyar. Mai karatun da ba ya gaggawa yana cin kamar kalma 100 a minti ɗaya, to idan ka haɗa da tsayawa a nuna hoto da rera waƙa da amsa tambayar yaro, zaman zai kai minti goma. A ganina nan ne iyakar haƙurin ƙaramin yaro.

Inda ake yanke rubutun a juya shafi shi ne wurin da gwanintar mai tsarawa take bayyana, kuma kwamfuta ba za ta yi maka wannan ba. Juya shafi a karatun murya yana ɗaukar daƙiƙa biyu ko uku, kuma a cikin wannan ɗan shirun yara suna jira da baki buɗe. Saboda haka ake sa tambaya a ƙarshen shafin dama, a ɓoye amsarta a bayansa. Idan Gizo ya ɗaga murfin tukunya, jimlar ta tsaya nan, abin da ke cikin tukunyar kuwa sai an juya. Da ka matse labarin cikin shafi 8, da hoton abin da ke cikin tukunya ya fito a gefen hoton Gizo yana tafiya, yaran sahun gaba su gani su faɗa, mai karatu ya rasa abin da zai ja musu rai da shi.

Hoto kuma a yi shi babba, abu ɗaya ko biyu a shafi, da layi mai kauri da launi mai rarrabewa. Zane mai ƙananan abubuwa barkatai yana da daɗi ga yaron da ke riƙe da littafi a cinyarsa, amma daga nesa ba ya nuna komai. Ka lura kada fuskar mutum ko ta dabba ta faɗa a tsakiyar buɗi inda ɗinki yake, domin naɗi zai cinye ta. Ina kuma son yaro ya ga abin da ya sani, rumbu da turmi da amalanke da bishiyar gawo, ba domin baƙon abu laifi ne ba, sai domin sanannen abu ake ganewa da kallo ɗaya. Girman littafin kada ya gaza A4, wato santimita 21 da 29.7, idan kuwa na aji mai yawan yara ne, a yi shi A3, wato ninkin A4.

Baƙin da muke buga wa manya littafi da shi 11 ne ko 12 a ma'aunin kwamfuta. Na wannan aiki ka kai shi 18 zuwa 24, ka buɗa tsakanin layuka, kada ka karya kalma a ƙarshen layi, kuma ka yanke layi a inda mai magana zai numfasa. Rubutun ya zauna a kan farin fili, kada ya hau hoto mai duhu. A buga shi da baƙar tawada zalla, domin idan ka haɗa baƙin daga launuka huɗun nan, shuɗi da ja da rawaya da baƙi, faranti ɗaya ya goce ko da kaɗan ne, haruffa za su yi inuwa. Sannan ka tabbata nau'in baƙin da ka zaɓa yana da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, manya da ƙanana. Idan babu su, kwamfuta takan aro su daga wani nau'i, su fito sirara a tsakiyar kalma, ko kuma ta bar ɗan akwati a gurbinsu. Mai karatu da murya ba shi da lokacin yin hasashe, abin da ya gani shi zai furta. Ka kuma tuna cewa ƙa'idar rubutun Hausa da hukumar ilimi ta Nijar ta tabbatar a 1999 tana amfani da ƴ mai lanƙwasa, a Nijeriya kuwa an fi rubuta y da ɗan waƙafi a gabanta. Ka tambayi mai aiki inda littafin zai je, ka bi ɗaya daga farko har ƙarshe.

Takardar giram 80 a kowace murabba'in mita da muke buga takardun ofis da ita ba ta yi ba, domin hoton baya yana leƙowa ta cikinta, kuma shafin yana lanƙwashewa idan aka ɗaga littafin da hannu ɗaya. Ka nemi giram 130 zuwa 150, marar sheƙi, domin mai sheƙi tana mayar da hasken taga cikin idon yaran da ke gefe. Bango ya kai giram 300, a lulluɓe shi da leda. Wajen haɗawa, littafin da aka manne da gam kaɗai ba ya buɗewa sosai, kuma zafin watan Afirilu da Mayu a garin nan yana sassauta gam, bushewar hunturu kuma ta sa shi tsagewa, sai shafuka su fara zubewa. Ƴar wayar ƙarfe da ake matse tsakiya da ita tana da sauƙin kuɗi kuma tana barin littafi ya buɗe, amma tana tsatsa idan damina ta ratsa ta. Ɗinkin zare ya fi duka, kuma ga shafi 32 ba aiki ne mai yawa ba.

Kana iya cewa duk wannan ya sa littafin tsada, kuma gaskiya ne. Amma littafi ɗaya ne zai yi wa aji guda aiki shekara da shekaru, don haka da yawan kunnuwan da za su ji shi ake raba kuɗinsa. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, a 2025 kuma aka ayyana Hausa harshen ƙasa, amma har yanzu idan ka zaga masu sayar da littattafai a Babbar Kasuwa, abin da za ka fi gani na yara shi ne littafin darasi da Faransanci. Malamin da ya sami littafin Hausa guda ɗaya zai karanta shi har ya haddace, saboda haka dole ya jure hannu. Idan mai aiki ya ce kuɗinsa bai kai ba, akwai inda ake ragewa: a buga ciki da launi biyu maimakon huɗu, wanda ya rage faranti da zagayen inji, ko a sauko shafi 24 idan labarin ya yarda. Girman baƙi da wurin juya shafi kuwa ba a taɓa su.

Abin da nake so ka yi kafin mu aika aikin nan ga faranti shi ne ka ɗauki farar takarda takwas, ka naɗe su biyu su ba ka shafi 32, ka yanka rubutun ka liƙa kowane yanki a inda kake ganin ya dace, ka zana hotunan da fensir ko da ba su yi kyau ba. Ka kai shi gida da yamma ka tara ƙannenka da ƴaƴan maƙwabta, ka zaunar da ɗaya a bakin ƙofa nesa da kai, ka karanta musu. Ka riƙe fensir a hannu, ka sa alama a shafin da suka fara waige-waige da shafin da suka riga ka faɗin magana, sannan ka tambayi na bakin ƙofa abin da ya gani a kowane hoto. Gobe ka kawo mini shi da alamominka mu zauna mu gyara tsarin.