Daga Adelaide zuwa Darwin a kan babur: zai kai ni?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Adelaide, ƙasar Ostireliya. Ina so in ratsa tsakiyar ƙasar a kan babur har Darwin a hutun Disamba. Tankin babur ɗina lita 14 yake ci. Zai kai ni? Me zan tanada?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena. Babur ɗin zai kai ka, Disambar ce ban yarda da ita ba. A can lokacin tsananin zafi ke nan. A garin Oodnadatta, can gefen hanyar da za ka bi, an auna digiri 50.7 a Janairun 1960. Arewa kuma, wajen Katherine da Darwin, damina ce, ruwa kan shafe titi a rufe shi. Ka jira hutun Yuni zuwa Yuli, ka ɗauki rigar sanyi mai kauri, don daren Alice Springs, garin da ke tsakiyar hanyar, a lokacin har ƙanƙara takan kwanta.

Hanyar ita ce Stuart Highway, wadda ta tashi daga Port Augusta, garin da ke arewa da Adelaide, ta dire a Darwin, fiye da kilomita 2,700, kwalta ce duk tun 1987. Abin da ke kayar da mutane a kanta nisan gidajen mai ne. Yawancin sunayen da kake gani a taswira, irin su Glendambo da Kulgera, gidan mai ne kawai da wurin cin abinci da ɗakunan kwana. Daga Glendambo zuwa Coober Pedy kusan kilomita 250 ne, babu ko ɗigon fetur a tsakani. Lita 14 za ta rufe wannan tazara a rana mai kyau, amma ɗora kaya, ka yi gudun 110, iska ta taso maka ta gaba, za ka ga allurar mai tana faɗuwa kamar an huda tankin. Ka auna shan man babur ɗinka da kayan a kai kafin ka tashi, ka ɗaure ƙaramar jarka ta lita 5, kuma duk gidan man da ka gani ka cika, ko da rabi ya rage. Ruwan sha ma haka, kada ya gaza lita 5.

Abu na biyu shi ne lokaci. Kada ka hau titi da asuba, kada magariba ta same ka a kai. A nan ne kangaru ke fitowa, ga shanu da ke yawo inda babu shinge, ga raƙuman daji. Mai mota in ya buge kangaru gyara zai kai, mai babur kuwa asibiti, asibitin ma sai likitocin jirgin sama na Royal Flying Doctor Service sun zo sun ɗauke shi. La'asar ta yi kana masauki.

Sai tirelolinsu masu jan bodi uku ko huɗu, tsawonsu kan kai mita 53.5. In ɗaya ta tunkaro ka, matsa gefen hagu ka riƙe kan babur da kyau, iskarta tana hankaɗa mutum. Wuce ta kuwa yana son fili mai tsawo sosai. Kuma hagu ake bi. Bayan hutu a gidan mai ne hannun wanda ya saba da dama yake mantawa.

Sabis ɗin waya yana ɓacewa da ka bar gari, na kamfanin Telstra ne ya fi kaiwa. Ka samu na'urar kiran agaji ta tauraron ɗan'adam, da kayan faci, da man sarƙa. In mashin ya tsaya, zauna kusa da shi, kada ka shiga daji da ƙafa.

Coober Pedy ya cancanci kwana biyu. Tun 1915 ake haƙar opal, wani dutsen ado mai daraja, a wurin, mutane da yawa a gidajen ƙarƙashin ƙasa suke zaune saboda zafi, har otal da coci. In kana son ganin Uluru, shahararren ƙaton dutsen nan na tsakiyar ƙasar, a Erldunda za ka karya.

Za a zuga ka da Oodnadatta Track, burjin da ya bi ta Marree da William Creek ya fito Marla, kimanin kilomita 600 na gargada da tsakuwa. Ina son hanyar, don a Marree ne Musulmi masu raƙuma, da ake ce wa Afganawa, suka gina ɗaya daga masallatan farko na ƙasar a ƙarni na 19. Amma da tayar kwalta, kai kaɗai, a tafiyar farko, a'a. Ka ware kwana takwas zuwa goma ka bi kwalta.