Tambaya da Amsa: Makaɗi da Ɗiyar Sarki

Tambaya: Malam, ina rubuta littafin soyayya da ya faru a Katsina kafin zuwan Turawa. Makaɗi ne ke son ɗiyar Sarki a ɓoye. Wane kayan kiɗa zan ba shi? — Wata mai karatu, Ƙofar Soro

Amsa: Malama, fara da sana'ar gidansu, domin kiɗa gado ne. Kalangu na mahauta ne, dundufa ta maƙera, garaya ta mafarauta da 'yan bori. Tambari da kakaki kuwa na Sarki ne. Wanda ya busa wa budurwa kakaki a dandali ya jawo wa kansa.

Ni dai kalangu zan ba shi. In ya matse tsarkiyar a hammata sautin ya hau, ya saki ya sauka, sai ya bi karin magana. Da haka zai kaɗa takenta a bainar jama'a, ita kaɗai ta gane. Amma sai ki samo dalilin da zai kai makaɗin mahauta ƙofar fada, misali ranar hawan Sallah.

Kada a yi masa liƙi da takardar kuɗi. Kafin zuwan Turawa a 1903 kuɗin wuri ake ba makaɗi, ko riga, in an ji daɗi ƙwarai, doki.