Gwajin jinin mai juna biyu da zancen apandisit

Yarona, na ga saƙonka. Ka ce an kawo maka jinin wata mata daga wajen Madarunfa, cikinta wata shida, tana kukan ciwo a gefen dama, ka yi NFS, wato ƙidayar ƙwayoyin jini, ka tarar fararen ƙwayoyin jini sun kai 14,000. Kana tambaya: "Majo, in gaya wa likita apandisit ne?"

Kada ka gaya masa apandisit ne, wato kumburin ɗan ƙaramin reshen hanji da ke gefen dama na ƙasan ciki. Ka ba shi adadin, ka tuna masa watannin cikin.

Ga dalili. Wanda ba shi da ciki, fararen ƙwayoyinsa suna tsakanin 4,000 da 10,000 ne a ɗigon da muke aunawa. Da a jinin saurayi mai ciwon gefen dama ka ga 14,000, ni ma sai gabana ya faɗi. Amma ciki da kansa yana ɗaga su. Mace lafiyarta lau, a watannin ƙarshe tana iya kaiwa 15,000, ranar naƙuda kuwa har ta haura 20,000. Kuma waɗanda suke ƙaruwar su ne nutrofil, wato dai waɗanda muke sa wa ido in muna zargin kumburi. To ka ga adadin nan naka bai ce e ba, bai ce a'a ba. VS ma, gwajin saurin kwanciyar jajayen ƙwayoyin jini, kada ka wahalar da kanka, ciki yana ɗaga ta ko babu ciwo.

CRP, gwajin jinin da ke nuna akwai kumburi a jiki, ta fi taimako, don ciki ba ya ɗaga ta sosai. Sai dai ba ta nuna inda wutar take, hayaƙi kawai take nunawa. Nan Maradi, daga Agusta zuwa Oktoba, mata nawa zazzaɓin cizon sauro yake ɗaga wa CRP? Ciwon ƙoda na masu ciki shi ma ya fi kama gefen dama, da zazzaɓi da amai. Shi ya sa ba na barin jini irin wannan ya fita daga labo, ɗakin gwajinmu, ba a duba maleriya ba, ba a karɓi fitsari ba. In ciwon a sama yake, ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ga hawan jini, a duba ƙwayoyin daskarar da jini da gwajin hanta, don wannan wata masifa ce daban. In kuma cikin ƙarami ne, wata biyu ko uku, a tuna da cikin da ya zauna a wajen mahaifa.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗaya gefen: sakamako ya fito daidai, kowa ya saki jiki. A awannin farko jini yana iya yin shiru alhali hanjin ya fara kumbura. Na taɓa ganin wata da gwajinta na safe bai nuna kome ba. Na je ɗakin na same ta kwance ta naɗe ƙafar dama, kunun da uwar mijinta ta kawo yana ajiye har ya yi sanyi, ko tari ta yi sai ta dafe gefen. Muka sake ɗaukar jini bayan awa shida, CRP ta tashi. Likita ya sake taɓa cikin, aka yi eko, wato hoton ciki na na'ura, daren nan aka yi mata aiki. Allah ya sa bai fashe ba, ta haihu lafiya da lokacinta ya yi.

Gaggawar tana nan ne. In apandisit ya fashe, ruɓa ta bazu a ciki, haɗarin ɓari da haihuwar bakwaini yana ninkuwa, ita ma uwar ranta yana cikin hatsari. Ga shi mahaifa in ta girma tana rufe wurin, har eko ma wani lokaci ba ta ganinsa. Lissafin makin Alvarado da kuka karanta, na 1986, wanda ake auna yiwuwar apandisit da shi, ba don masu ciki aka tsara shi ba: tashin zuciya, ƙin abinci, hawan fararen ƙwayoyi, duk suna ba da maki, kuma ciki kaɗai yana kawo su.

Yanzu koma ka rubuta watannin cikin da awar da ka ɗauki jinin a kan takardar. Ka kai wa likita hannu da hannu, kada ka ba dangi su kai. Ka tambaye shi ƙarfe nawa yake son a sake ɗauka, kuma in na biyun ya fito ka kira ni ko tsakar dare ne.